Mai Yanka a Bayan Coci

Shekara goma sha tara ke nan Malam Njidda yana yanka wa cocin su Judith bijimi. Ba wai an rasa mai riƙe wuƙa a cikin masu bi ba ne, don akwai maharba, akwai ma mahauta. Dalilin ɗaya ne. Ranar Lahadin Zumunci, ranar da kowace ƙabila ta cocin take fitowa da kayan gargajiyarta da gangunanta, ana raba nama gida-gida a unguwa, rabin unguwar kuwa Musulmi ne. In Kirista ya yanka, maƙwabci zai karɓa da hannu biyu ya yi godiya, kana juya baya ya nemi wanda zai ba. Shi ya sa tun zamanin tsohon fasto aka tsayar cewa Musulmi ne zai sa wuƙa, kowa ya ci da kwanciyar rai. Judith, shugabar zumuntar mata, ita ce mai ɗauko shi, domin ta yi shekara tara katanga ɗaya da su Njidda a Yelwa, tun mijinta yana da rai.

A al'ada ranar Asabar da la'asar ake yanka, lokacin da babu kowa a coci sai mata masu girki. Bana abin ya zo a karkace. Mako uku da suka wuce an afka wa wani ƙauye ta hanyar Lau, an kashe mutane, an ƙone rumbuna, waɗanda suka tsira suka taho Jalingo da ƙafa. Yanzu haka wasunsu a azuzuwan makarantar cocin suke kwana. Tun daga nan direbobin shanu suka ƙi bin hanyar sai da rakiya, don haka bijimin bai iso ba sai Lahadi da hantsi, an riga an fara sujada.

Judith ta yagi takarda ta rubuta: "Malam Njidda zai yi yanka a bayan kicin yau, kada kowa ya tsorata." Ta miƙa wa sakataren coci, ya sa a ƙasan tarin takardun sanarwa. A cocin nan kuwa, ko gobara ce ta tashi, ba a karanta sanarwa sai an gama wa'azi da baiko, wato sadakar da masu bi ke kaiwa gaba. Judith ta fi kowa sanin haka, amma hankalinta yana kan tukwane tara da ke jiran nama. Ta tari keke mai ƙafa uku ta nufi Yelwa.

Asta, matar Njidda, ce ta tare ta a tsakar gida, fuska babu walwala.

"Adda Judith, bana kam a bar shi. Gari ba lafiya. Ni tun jiya gabana yana faɗuwa."

"Haba Asta, gidan Allah ne fa. Kuma ina wurin. Amana ne a hannuna, babu abin da zai same shi ina tsaye."

Njidda ya fito daga ɗaki yana naɗe wuƙaƙensa a tsohon buhu, malafa a ka, dogo, siriri, gemun nan fari fat. Ya haura sittin da biyar, amma har yau in ya shiga tike, kasuwar shanu, masu shanu matsawa suke.

"Jam na, lafiya, Maman Tobiya? Kar ka kula ta," ya ce da irin Hausarsa da ba ruwanta da mace ko namiji. "Mata da tsoro. Saniya ɗaya ne, kafin azahar na dawo."

Asta ta yafa mayafinta. Ta bi su har bakin titi, ta tsaya har keken ya sha kwana.

Tun bayan harin, samari suke tsaron babban get na coci, da sanduna da na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe. Duk wanda zai shiga sai an lalube shi, ko dattijo ne. Judith ta hango su daga nesa, ta hango yadda za su ɗaga hannun Njidda sama, su kwance buhunsa a gaban jama'a, su yi ta juya wuƙaƙensa suna tambaya. Kunya ta kama ta. Mutumin da ya ɗauki gawar mijinta a kafaɗarsa, shi yaran da aka haifa a gabansa za su lalube kamar ɓarawo? Ta ce wa mai keke ya zagaya ta lungu. Akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe a bayan kicin da ake shigo da itace, makullinta kuwa yana ɗaure a bakin zanenta. Ta nan ta shigar da shi, ta mayar da kwaɗo ta kulle, don dokar dattawa ce kada a bar ta a buɗe ko na minti ɗaya.

Bijimin ja ne, mai tozo, ɗaure a gindin mangwaro bayan tarin itacen girki. Njidda ya zagaya shi sau ɗaya, ya shafa wuyansa, ya yi masa wata magana da Fulatanci, sannan ya zarga igiya a ƙafafunsa ya miƙa wa mata huɗu bakinta.

"In na ce ja, ku ja kamar kuna jan miji daga gidan giya."

Suka kwashe da dariya, suka ja, bijimi ya zube ƙasa har sai da tukwane suka amsa. Njidda ya juya masa kai gabas, ya taka wuya, ya ambaci sunan Allah, ya sa wuƙa. Jini ya yi tsartuwa ya wanke masa gaban riga da hannuwa har gwiwa, sauran ya gangara ta kwatar da ta bi gefen kicin zuwa wajen tankin ruwa.

Daidai nan lasifika ta ce, "Jukunawa sun gama, Wurkunawa su shirya, bayansu Mumuye!" Matan suka watsar da igiya, kowace ta ruga neman ƙabilarta tana gyara ɗaurin kai. Judith ce mai ba da waƙar matan Mumuye, in babu ita babu mai ɗagawa.

"Malam, minti goma. Mu kai baikonmu gaba in dawo."

"Je ka yi rawanka. Ni da shi ba inda za mu."

Ta tafi. Wannan tafiyar ita ce abin da har ta mutu ba za ta yafe wa kanta ba.

Cikin coci ya cika ya batse. An rataya ƙyalle daga bango zuwa bango an rubuta BAMBANCI, HAƊIN KAI, ADALCI da jan fenti. Ga Tibi da baƙi-da-farinsu, ga Jenjo, ga mutanen Kona, ga Inyamurai masu shagunan kayan mota, har da Yarbawa gida uku da ba sa yarda a manta da su. Kowace ƙabila tana shigowa da rawa, maza a gaba da makaman kakanni, mata a baya da doya da kaji da ƙwaryar gyaɗa a ka. Fasto Timoti ya sha faɗa cewa makaman rawa na katako za a kawo. A da ana jin maganarsa. Bana kam duk mashin da ka gani an wasa shi, duk gatarin da ya ɗaga sama yana ƙyalli, kowa ya gani kowa ya kau da kai.

Tobiya, ɗan Judith tilo, wanda tun yana yaro yake kiran Njidda Bappa, shi ke gaban layin Mumuye. Shekararsa talatin, makaniki ne, shi ke tuƙa bas ɗin coci, kuma shi ya je ƙauyen nan ya kwaso gawawwaki bayan harin. Tun ranar bai cika magana ba. Yau dai yana rawa, ƙirji a waje, fatar akuya a ƙugu, gatarin kakansa a hannu. Judith ta dube shi daga baya ta ji daɗi ya cika ta, ta ɗaga waƙa, mata suka amsa.

Ba su kai tsakiyar coci ba ihun ya taso.

Daga baya aka san yadda aka yi. Wata mata cikin 'yan gudun hijirar, Victoria, wadda aka yanka mijinta a gabanta, ita ce ta fito daga aji da bokiti za ta ɗebi ruwa. Ta ga jini yana gudu a kwata. Ta ɗaga kai ta ga dogon mutum da malafa, jini har gwiwar hannu, yana wasa wuƙa a kan wata. Tarin itace ya kare bijimin, ba ta gan shi ba. Ba ta taɓa jin labarin wani Njidda ba, babu wanda ya ga dalilin gaya wa baƙi abin da kowa ya sani. Ta yar da bokiti ta kurma ihu da iyakar ƙarfinta.

"Sun zo! Sun biyo mu! Sun shigo!"

Kafin maganar ta ratsa daga ƙofar baya zuwa bagadi, mutum ɗaya ya zama goma, an ce sun yanka mata a kicin, an ce sun kewaye makaranta. Ganguna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Benci ya kife, yara suka fashe da kuka, kaji suka tashi sama. Mazan da ke riƙe da makamai suka juya gaba ɗaya suka yi ƙofar gefe, Tobiya a gabansu.

Judith ta gane nan take. Ƙwaryar kanta ta faɗi.

"Njidda ne! Mai yanka ne! Ni na kawo shi!"

Wa zai ji ta? Fasto yana ta "Ku natsu, ku natsu" a lasifika, muryarsa ta danne ta kowa. Ta kutsa cikin mutane, mace mai jiki ga ciwon gwiwa, aka matse ta a jikin ƙofa har numfashinta ya ɗauke. Wani ya taka mata ƙafa, wani ya buga mata gwiwar hannu a baki. Ta ji gishirin jini, ta ci gaba da turawa tana kiran sunan ɗanta.

Da ta sha kwanar kicin, ta hango shi. Njidda yana tsaye ya ɗaga hannu biyu sama, ya manta wuƙa tana hannunsa.

"Saniya ne! Ku duba, saniya ne!"

Dutse ya same shi a baki, maganar ta mutu. Na biyu ya fasa masa goshi, jini ya rufe fuskar da rabin mutanen wurin suka sani tun suna yara. Wani ya cilla mashi ya kafe a jikin mangwaro. Njidda ya saki wuƙar ya juya da gudu zuwa 'yar ƙofar da ya shigo ta ita. Ya kama kwaɗon ya ja, ya girgiza, ya sake ja. Judith tana jin makullin yana bugun cinyarta a bakin zane.

"Tobiya! Tobiya, Bappa ne!"

Tobiya bai ji ba. Bayan mutum kawai ya gani, da malafa, da riga jiƙe da jini. Ya ɗaga gatarin da hannu biyu ya sauke tsakanin wuya da kafaɗa. Judith ta ji ƙarar daga inda take, irin ƙarar da take ji kullum in ana sara ƙashi a kicin. Njidda ya durƙusa, goshinsa ya bugi ƙofa, ya sulale. Sauran suka rufa masa da gora da kulki da ƙafa.

Ba ta san yadda ta isa ba. Ta dai tsinci kanta kwance a kansa, ta rungume kansa a ƙirjinta. Gora ta sauka a bayanta, wata ta sauka a hannunta na hagu, ta ji ƙashin ya ce ƙas. Wani yana jan ƙafarta yana cewa a cire ta, wani yana ihun a kawo taya da fetur. Ta juyo da fuskarta sama, baki duk jini.

"Ku ƙone mu tare! Ni ce Judith! Ku ƙone ni, 'ya'yan banza, ni na goya rabinku!"

Sandar da ke sama ta tsaya. Wani a baya ya ce, "Kai, ga saniya a nan fa." Aka juya. Ga bijimi kwance bayan itace, wuya a yanke, kai yana kallon gabas, ƙudaje sun fara taruwa. Wurin ya yi tsit, sai kukan Victoria da ke birgima a ƙasa wajen tanki tana kiran sunan mijinta. Waɗanda ke baya suka fara zamewa, kowa yana ɓoye abin hannunsa a bayansa.

Judith ta sa gefen zanenta ta share fuskar Njidda. Tobiya ya matso ya leƙa. Gatarin ya faɗi daga hannunsa.

"Bappa?" ya ce, da wata murya da ba tasa ba. "Mama, Bappa ne?"

"Kawo bas."

"Mama, wallahi ban..."

"Na ce ka kawo bas!"

Shi ya ɗauke shi a hannu ya kwantar a kujerar baya. Judith ta zauna a ƙasan motar ta cusa ɗankwalinta cikin raunin, ta danne da hannun da ya rage mata. Ɗankwalin ya jiƙe kafin su fita get. Tobiya yana tuƙi yana kuka kamar yaro, yana danna hon, masu keke suna watsewa suna zaginsa.

Njidda ya buɗe ido. Haƙoransa na gaba babu, maganar tana fita da kumfa.

"Maman Tobiya... ba ka ce minti goma ba?"

"Na dawo, Malam. Ga ni. Yi haƙuri, mun kusa."

Ta ga idanunsa suna juyawa, ta ji jikinsa yana sanyi a ƙarƙashin hannunta, ta san ba za su kai ba. Zaman Yelwa ya koya mata abin da ake yi wa Musulmi in ya zo nan. Ta duba, babu kowa a motar sai ita da ɗanta. Ita da ta yi shekara arba'in tana waƙa a coci, ta sunkuya ta sa bakinta a kunnensa, ta faɗi kalmar shahada yadda ta sha jin ana faɗa, a hankali, ta sake, ta sake. A karo na huɗu leɓɓansa suka bi ta. Ya kai ƙarshe, ya ja numfashi ɗaya mai tsawo. Suna shiga ƙofar asibiti hannunsa ya saki zanenta.

Aka shiga da shi duk da haka, aka fito aka gaya mata abin da ta riga ta sani. Wata nas ta ɗaure mata hannu da katako ta zaunar da ita a benci a baranda. Tobiya ya tsuguna can jikin ginshiƙi, har yanzu da fatar akuyar a ƙugu, jini ya bushe masa a ƙirji, ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Fasto Timoti ya riga 'yan sanda isowa. Ya zauna kusa da ita, idanunsa jawur. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cika shi, kuma tsoron nasa yana da dalili.

"Mama, ki saurare ni. Dattawa sun zauna. In an tambaye ki, taro ne, ba ki ga fuskar kowa ba. Hargitsi ne, kowa ya ruɗe. In aka kama suna ɗaya, kin san abin da zai biyo baya. Ki tuna shi kaɗai gare ki."

Judith ta dubi inda ɗanta yake tsugune. Tana son Tobiya fiye da ranta, kuma ta san in ta yi shiru babu mutum ɗaya a cocin nan da zai buɗe baki. Za a ce tsautsayi, a yi addu'a, a kai buhun shinkafa gidan makoki. Zuciyarta ta karkata can, har ta fara shirya kalmomin a bakinta.

Sai ga Asta ta shigo, mayafi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya. Wani mai keke ne ya kai mata labari. Ba ta yi ihu ba. Aka kai ta ciki ta gan shi, ta jima, ta fito ta tsaya a gaban Judith. Ta dubi hannun da aka ɗaure, ta dubi bakin da ya kumbura, ta dubi zanen da ya rine.

"Adda, kina wurin?"

"Na bar shi, Asta. Na tafi rawa na bar shi. Da na dawo sun riga ni."

Asta ta rufe ido. "Ya samu kalma?"

"Ya samu. Ni na faɗa masa, ya bi ni har ƙarshe."

Nan kuka ya ƙwace wa Asta. Ta zube a ƙasa ta kifa kai a cinyar Judith, a kan jinin mijinta, tana kuka tana sa mata albarka. "Useko, Adda. Useko. Allah Ya biya ki." Kowace godiya sai Judith ta ji kamar an sake sauke mata gora a baya. Matar nan tana gode mata, ga wanda ya sare mata miji can taku goma, kuma ita aka ce ta rufe.

Wani ɗan sanda mai furfura ya tsaya a kansu da littafi da biro. Ya jira kukan ya lafa, sannan ya yi gyaran murya.

"Mama, sannu. An ce ke kika fi kowa kusa. Likita ya ce sara ɗaya ne ya kashe shi, na wuya. Kin ga wanda ya yi?"

Fasto ya taɓa mata kafaɗa. Asta ta ɗago kai. Can jikin ginshiƙi Tobiya ma ya ɗago, ya dubi uwarsa, bai roƙe ta da ido ba, bai kuma gudu ba.

"Na gan shi," in ji Judith.

"Za ki iya gane shi in kin sake ganinsa?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta ɗaga hannun da bai karye ba, ta nuna.

"Ga shi can. Sunansa Tobiya. Ni na haife shi."